Komawa Ƙasar Kakanni: Shawarwari 10 Daga Abin Da Ya Sami Koriyawa

Koriyawa fiye da miliyan 7 ne ke zaune a wajen ƙasarsu. Mafi yawansu suna Amurka da Sin da Japan, sai wasu masu yawa a Rasha da Uzbekistan da Kazakistan. Wasu yunwa ce ta tsallakar da kakanninsu iyakar Rasha tun shekarun 1860. Wasu aikin gonar rake ne ya kai su Hawai a 1903. Wasu mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, shi ya kwashe su zuwa ramukan ma'adinai da masana'antu. Wasu kuma jarirai ne aka ba Turawa riƙonsu bayan yaƙin Koriya. Da Koriya ta Kudu ta yi arziki sai 'ya'ya da jikoki suka fara juyowa gida, wasu suka dace, wasu suka yi da-na-sani. Duk gidan da aka haifi 'ya'yansa a wata ƙasa, a Omdurman ne ko a zangon Kumasi, zai tsinci abin amfani a cikin labarinsu kafin ya ɗaure kaya.

1. Kada gida ya tashi gaba ɗaya a kan jita-jita

Komawar da ta fi ɗaci ita ce ta mazauna Japan. Da yaƙin duniya ya ƙare a 1945 akwai Koriyawa wajen miliyan 2 a can. Yawanci suka koma, kimanin 600,000 suka zauna. A 1952 Japan ta cire su daga cikin 'yan ƙasarta, ga talauci, ga wulaƙanci, aikin kirki ya gagara. Ana cikin haka ƙungiyar Chongryon, mai biyayya ga Koriya ta Arewa, ta shiga yi musu shelar cewa akwai aljannar duniya a ƙetaren teku: gida kyauta, makaranta kyauta, asibiti kyauta. A Disambar 1959 jirgin ruwa na farko ya tashi daga Niigata zuwa Chongjin, da hannun Red Cross a cikin shirin. Kafin a rufe shi a 1984 mutum 93,340 ne suka tafi, fiye da 70,000 daga cikinsu a 1960 da 1961 kaɗai. Akasarinsu kuwa asalinsu 'yan kudu ne, arewar da aka kai su ba su taɓa taka ta ba.

Suna sauka suka tarar da yunwa da zargi, ƙofa kuma ta rufe. Ana karanta wasiƙunsu kafin su fita, don haka ba wanda ya isa ya rubuta wa dangi cewa kada su zo. Sai dai a ga ana roƙon kuɗi da tufafi da magani, mai hankali ya gane. Eiko Kawasaki ta tafi a 1960 tana da shekara 17, ba ta samu hanyar fitowa ba sai a 2003.

Gani ya kori ji. A tura babba ɗaya ya je ya zauna, zama na sosai wanda zai haɗa da lokacin da ya fi tsanani a shekara, da tikitin dawowarsa a hannu. Ziyarar biki ba ta nuna komai, domin kowa yana yi wa baƙon mako biyu fara'a. Kuma a rage yarda da shaidar wanda zai ci riba da zuwanku, da ta ɗan uwan da kunya ke hana shi cewa ya yi kuskure.

2. Ku tattara takardu tun tsofaffi suna raye

A 1937 Stalin ya sa aka kwashe Koriyawan gabashin Rasha kaf, mutum kimanin 172,000, aka zuba su a taragon kaya, aka yi tafiyar kusan wata guda da su zuwa Kazakistan da Uzbekistan. Waɗanda aka sauke a Ushtobe ramuka suka haƙa suka yi hunturun farko a ciki. Jikokinsu, waɗanda ake kira Koryo-saram, in za su nemi bizar 'yan asali yau sai sun jera takardar haihuwar kaka da ta uwa ko uba da tasu, kowacce ta dace da 'yar uwarta. Abin da ya cece su shi ne takardun Sobiyet suna rubuta ƙabilar iyaye. Abin da ke ba su wahala kuwa sunaye ne. A alƙalamin ma'aikacin Rasha Choi ya koma Tsoi, Yu ya koma Yugai, Heo ya koma Khegai. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin takardar kaka da ta jika, sai a ce a je a gyara, ofishin gyaran kuma yana wata ƙasa.

A Koriya cewa kai Kim ne bai isa ba, tunda kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. Sai ka faɗi garin da zuriyarku ta samo asali, Kim na Gimhae ko Kim na Gyeongju, sannan a san littafin salsalar da za a duba, wanda suke kira jokbo. Iyalai da yawa a tsakiyar Asiya littafin ya ɓace musu, amma sunan garin asalin ya tsira a bakin tsofaffi.

To ku zaunar da kaka. A kunna waya a ɗauki muryarta tana faɗin sunan ƙauye, da sunan uban ubanta, da wa ya auri wa. A ɗauki hoton kowace takarda, ko da ta yage, a ajiye a wuri biyu. Fassara da hatimin hukuma a gama su kafin tafiya.

3. A duba matsayin kowane mutum a gidan shi kaɗai

Dokar da Koriya ta Kudu ta yi wa 'yan asalinta na waje a 1999 ta kawo bizar F-4, amma aka tsara ta yadda waɗanda suka bar ƙasar bayan kafuwar gwamnati a 1948 ne za su amfana. Mazauna Amurka suka shiga, na Sin da na tsohuwar Sobiyet, waɗanda wuya ce ta fitar da su tun kafin nan, aka bar su a waje. Sai da kotun tsarin mulki ta yi hukunci a 2001 aka gyara a 2004. Ko bayan gyaran, 'yan asali a idon doka sun tsaya ne a kan jika. Tattaɓa-kunnen da ya tashi a Koriya, ya yi makaranta a can, da ya cika shekara 19 sai zamansa a ƙarƙashin iyaye ya ƙare, ya koma fita da shiga da gajeriyar biza. A 2019 aka cire wannan iyaka.

Labarin tsibirin Sakhalin na Rasha ya fi ban tausayi. Koriyawa kimanin 43,000 ne Japan ta bari a can bayan yaƙi, suka shafe fiye da shekara 40 ba hanyar zuwa kudu. Da aka buɗe musu rukunin gidaje a Ansan a 2000, sharaɗin shi ne a haifi mutum kafin 15 ga Agustan 1945. Tsofaffi suka koma ƙasar iyayensu, suka bar 'ya'yansu da jikokinsu a Rasha, aka sake raba iyalin da aka ce za a haɗa. Dokar da ta fara aiki a 2021 ta yarda ɗa ɗaya da matarsa, ko 'ya ɗaya da mijinta, su biyo. A wancan lokacin uwar da ta haifi huɗu sai ta zaɓa.

Ku ɗauki takarda ku rubuta sunan kowa. A gaban kowane suna a sa irin izinin zamansa, da ranar ƙarewarsa, da abin da zai faru in yaro ya balaga. Matar da ba 'yar ƙabilar ba ce, a tambaya ƙarara: in maigida ya rasu ko aure ya mutu, ina matsayinta?

4. Masu 'ya'ya maza su binciki wajibcin da ke jiransu

Koriya ta Kudu tana bin jini wajen zama ɗan ƙasa. Yaron da aka haifa a Los Angeles lokacin da ubansa ke riƙe da fasfon Koriya ɗan ƙasa ne, ko da ba a taɓa yi masa rajista ba. In bai ajiye zama ɗan ƙasar ba kafin 31 ga Maris na shekarar da zai cika 18, aikin soja na dole ya hau kansa, wata 18 a rundunar ƙasa, kuma a bisa ƙa'ida ba zai iya ajiyewa ba sai ya yi aikin ko ya doshi shekara 38. Mutanen ƙasar ba sa wasa da wannan. Mawaƙi Yoo Seung-jun ya karɓi zama ɗan Amurka a 2002 gab da shigarsa soja, aka hana shi shiga ƙasar, bayan fiye da shekara 20 yana nan yana kai-kawo a kotu kan biza. Kowace ƙasa tana da abin da take bin 'ya'yanta. A je ofishin jakadanci a tambaya tun yaro yana shekara 15.

5. Kada ku yi sakaci da takardun ƙasar da kuke zaune

Yara kimanin 200,000 aka fitar daga Koriya zuwa gidajen riƙo a waje, yawanci Amurka. Iyayen riƙo da dama sun ɗauka riƙon da kansa ya mai da yaro ɗan ƙasa, ba su cike masa komai ba. Dokar Amurka ta 2000 da ta toshe wannan ɓaraka ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika 18 ba. A 2016 aka tasa ƙeyar wani mai shekara 41 zuwa Koriya, ƙasar da aka fitar da shi yana ɗan shekara 3, ba harshe, ba aiki, iyalinsa suna Amurka.

Saboda haka a tabbatar da takardar kowane yaro da ido, musamman ɗan riƙo. Kuma kafin ku tashi, ku san tsawon lokacin da rashinku zai kashe izinin zamanku na dindindin. A Amurka shekara guda a waje ba tare da takardar sake shiga ba ta isa ta jawo matsala.

6. Harshe ne zai shigar da ku ko ya bar ku a bakin ƙofa

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ta baki ake fara ganewa. Koryo-saram da Rashanci suka tashi, domin jim kaɗan bayan kwashe su aka daina koyarwa da harshensu a makarantu. Abin da ya rage a bakin tsofaffi tsohon karin lardin Hamgyong ne na arewa maso gabas, wanda mutumin Seoul ke ji da ƙyar. Harshen kudu kuwa ya cika da kalmomin aro daga Turanci waɗanda kaka ba ta taɓa ji ba. Mutum zai sauka a filin jirgin Incheon da fuskar 'yan gari, ya buɗe baki a gane baƙo ne. Bature in ya faɗi kalma uku sai a yaba masa, amma mai fuskar gida da ya yi tuntuɓe a jimla ɗaya sai a ɗaure masa fuska, wani ma ya zargi iyayensa.

Rubutun ba shi ne wahalar ba, haruffan Hangul 24 ne, ana koyonsu a 'yan kwanaki. Wahalar tana wajen ladabin magana. Ƙarshen kowace jimla yana canzawa gwargwadon wanda kake yi wa magana, shi ya sa ake tambayar shekarunka tun a haɗuwar farko, don a san yadda za a kira ka. Yaron da ya koyi harshen a gindin uwarsa ya iya maganar cikin gida ce kawai. Ranar da ya yi wa shugabansa a wurin aiki irin maganar da yake yi wa ƙanensa, ya yi ɓarna bai sani ba. Haka miƙa abu ko karɓa daga babba, da hannu biyu ake yi.

A fara karatu shekara guda kafin tafiya, kuma uwargida ta shiga ciki, domin ita za ta yi fama da asibiti da makaranta da maƙwabta. A zauna jarrabawar harshen Koriya ta TOPIK, mai matakai 6, tun daga waje, tana taimakawa wajen biza da aiki. Yara ƙanana ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kai 14 ko 15 shi ne abin ji, domin zai faɗa cikin tsarin da yara ke wucewa daga makaranta zuwa darasin kuɗi har dare, ana shirin jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba, wadda har tashi da saukar jiragen sama ake dakatarwa lokacin sashenta na sauraron Turanci. In ya rage masa shekara ɗaya ko biyu ya gama sakandare, ni dai ina ganin a bar shi ya gama inda yake. Harshen ƙasar haihuwa kuma kada a yar da shi. Rashanci da Sinanci suna ciyar da mutane da yawa a Koriya ta hanyar tafinta da kasuwanci.

7. Haya tukuna, kuma kada a sayar da gidan baya a shekarar farko

Akwai tsarin haya a Koriya da ake kira jeonse, mai kama da jinginar gona. Ka ba mai gida dunƙulen kuɗi, sau da yawa fiye da rabin darajar gidan, ka zauna shekara 2 ba ka biyan haya, in za ka tashi ya mayar maka da kuɗinka. Yana da daɗin ji ga wanda ya sayar da gidansa a waje ya zo da kuɗi a hannu. Amma a ƙarshen 2022 wani mai gidaje fiye da 1,000 ya mutu a Seoul kuɗin mutane suka maƙale, sannan wata badaƙalar jeonse ta biyo baya a Incheon a 2023, har wasu matasa suka kashe kansu. Waɗanda aka cuta ɗin ma 'yan gari ne masu karanta yarjejeniya da harshensu.

Ku fara da hayar wata-wata mai ƙaramin kuɗin ajiya. In dole sai jeonse, a ciro takardar rajistar gidan a ga ko akwai bashin banki a kansa, a yi rajistar adireshi ranar tarewa, a sa hukuma ta buga hatimin kwanan wata a kan yarjejeniyar, a sayi inshorar kuɗin ajiya. Ga kuma wani ƙaramin abu da ke haɗa baƙo da maƙwabta faɗa: tun 1995 shara a cikin ledar hukuma ta saye ake zuba ta, ragowar abinci daban, kwalabe da robobi daban. A koya wa yara tun makon farko.

8. Ku sauka a unguwar 'yan uwa, amma da niyyar fita

A Wolgok ta Gwangju, da Ttaetgol ta Ansan, da Hambak ta Incheon, allunan shaguna da Rashanci suke. Daerim ta Seoul kuwa ta 'yan asalin da suka zo daga Sin ce. A nan sabon zuwa ke samun ɗaki da labarin aiki da mai raka shi asibiti. Mutanen Gwangju ma karo-karo suka yi suka sayi tikitin jirgi ga 'yan uwansu da yaƙin Yukren ya rutsa da su a 2022. A nan ne kuma ake samun morkovcha, karas da aka yanka siriri-siriri aka kwaɓa da tafarnuwa da barkono da ruwan khal da mai. Kakanninsu ne suka ƙirƙire shi da suka rasa irin kabejin da ake yin kimchi, abincinsu na gida, a tsakiyar Asiya. A kasuwannin Rasha sunansa karas ɗin Koriya, mutanen Koriya kuwa ba su san shi ba.

Illar ita ce mutum zai iya shekara goma a irin wannan unguwa bai yi hira da ɗan gari ba. Akwai makarantun firamare a Ansan da Incheon da 'ya'yan baƙi suka fi 'yan gari yawa, yaro ya wuni bai buƙaci harshen ƙasar ba. A sa wa zaman wa'adi.

9. A yi maganar aiki da gaskiya

Malamai da injiniyoyi daga Tashkent da Yanbian ta ƙasar Sin da yawa leburanci suke yi a masana'antu da wuraren gini, mata kuma aikin gidajen abinci da jinyar tsofaffi. Bizar H-2 da aka kawo a 2007 don irin wannan aiki aka yi ta. Maigida ya tambayi kansa tun da wuri ko zai iya, a kuma binciki ko takardar shaidar sana'arsa za ta karɓu. Aikin da aka samu ta hannun dillalin ma'aikata a nemi yarjejeniya a rubuce da inshorar haɗari. Gobarar masana'antar batir ta Hwaseong a Yunin 2024 ta kashe mutum 23, 17 daga cikinsu 'yan ƙasar Sin, yawancinsu 'yan asalin Koriya masu aikin wucin gadi. Kuma kada a ce uwa da uba su tafi duka a bar yara wurin kaka shekara biyu kawai. Haka aka ce a Yanbian bayan Koriya ta Kudu ta ƙulla hulɗa da Sin a 1992, yara da yawa suka girma ba iyaye a gida.

10. Ku tambayi tsofaffi inda suke so su zauna da inda za a binne su

Tun 2011 wanda ya kai shekara 65 zai iya karɓar zama ɗan Koriya ba tare da ya rasa na ƙasarsa ta biyu ba. Amma inshorar lafiya ta ƙasa sai baƙo ya yi wata 6 take kama shi, saboda haka a zo da maganin tsoho da tanadin waɗannan watanni. Kuma ba kowane tsoho ne komawa ke yi wa daɗi ba. Daga shekarun 1960 Koriya ta tura mahaƙa kwal kusan 8,000 da ma'aikatan jinya fiye da 10,000 zuwa Jamus ta Yamma. An gina wa masu komawa ƙauye mai jan rufi irin na Jamus a tsibirin Namhae, sai ya zama wurin yawon buɗe ido, baƙi suna leƙen gidajensu, 'ya'yansu da jikokinsu kuma suna can Jamus.

Sai maganar kabari, wadda ake ta kauce mata. Koryo-saram suna ziyarar kaburburan iyayensu a farkon Afrilu kowace shekara. In kowa ya tashi, wa zai je? Jarumin yaƙin neman 'yanci Hong Beom-do ya rasu a Kyzylorda ta Kazakistan a 1943, sai a Agustan 2021 aka mayar da gawarsa aka binne a Daejeon, shi ma don gwamnati biyu sun sa hannu ne. Akwai maƙabartar gwamnati a Cheonan da aka keɓe wa 'yan asali na waje tun 1976, amma a sani cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mamata a Koriya ta Kudu yanzu ƙona su ake yi, wanda ba ya son haka sai ya yi tanadi tun da rai. Wanda asalinsa arewa ne kuwa iyakarsa Imjingak, kusa da kan iyaka, inda ake zuwa a fuskanci garin kakanni daga nesa a ranakun biki. Rabon da a haɗa iyalan kudu da na arewa tun Agustan 2018.

Ku tara 'ya'ya duka, na nan da na can, a yi wannan magana a gaban tsofaffin tun suna iya faɗa da bakinsu, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi.